Mako Biyar a Kan Duwatsu

Ni bakanike ne. Shekara talatin da 'yan kai ina kwance a ƙarƙashin motocin mutane a Ƙaura, a wata rumfar kwano da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Bayana ya gaji, gwiwoyina sun gaji, kunnena ma ya gaji da jin direba yana rantsuwa cewa shi bai yi wa mota komai ba, ita ce kawai ta ga dama ta lalace. Amma duk tsawon shekarun nan ban taɓa riƙe motar wani da gangan ba sai sau ɗaya, ita ma ta ƙanena ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mako biyar ta yi a kan duwatsu saboda birki, aikin da in na fara da hantsi nake gamawa kafin azahar.

Shekara goma sha huɗu na ba shi. Direba ne, Ƙaura zuwa Shinkafi, wata rana Zurmi. Motarsa wata tsohuwar motar Jamus ce mai dogon baya, fulogi shida, ja. Waɗanda suka ƙera ta don santalelen titi suka ƙera ta, mutum ya sa kwat ya yi gudunsa shi kaɗai. Ƙanena kuwa buhunan wake yake ɗora mata da mutum shida. Duk da haka in ya taka ta, wallahi ba motar da ke kamo ta a tashar nan. Yana ji da ita kamar ya goya ta.

Gudun nan shi ya ja masa. Tun da hanyarmu ta lalace, mutanen daji suka fara tare ta, direbobi suka ɗauki wata al'ada: ba mai fita da safe sai an ga mota ta shigo daga can ɓangaren. In ta shigo, an san hanya lafiya. To na Ƙaura suna jiran na Shinkafi, na Shinkafi suna jiran na Ƙaura, kowa ya jingina da motarsa yana shan shayi. Waya kuwa yau akwai sabis gobe babu. Dole wani ya fara fita, kuma wa za a kalla in ba mai motar da ta fi gudu ba? Haka ƙanena ya zama mai buɗe hanya, har ana yi masa kirari a tasha, shi kuma sakaran yana washe baki. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Yaya, in ban hita ba wa za ya hita? Kowa na da ɗiya."

Wata Talata cikin damina, lokacin gero ya yi tsayi har yana ɓoye mutum a bakin titi, ya ɗauki lodin Zurmi. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga shi ya shigo garejina da fasinjojinsa a ciki. Tun kafin ya tsaya na ji wari, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Na durƙusa na leƙa ƙafar gaba. Faifan birki, zagayayyen ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, ya koma shuɗi. Na tofa masa yawu, ya ce cuuu. Fad ɗin da ke matse faifan kuwa ya cinye ƙaf, saura ƙarfe kan ƙarfe.

Ashe ya wuce garin Dauran kaɗan, yana kan gudu, ya sha wata kwana sai ya hangi icce kwance a tsakiyar titi da babura a gefe. Ya danna birki iya ƙarfinsa. Motar ta ja, ta ja, kamar ba za ta tsaya ba, sannan ta tsaya, ya juya ta nan take ya dawo. Ya ce da ta ƙara tsawon rumfar nan tawa sau biyu, da yanzu wani labarin ake yi. Yana ba ni labari yana shan ruwan leda yana dariya. A kujerar baya akwai wata tsohuwa da ta kasa fitowa, salati kawai take yi a hankali.

Ya ce, "Yaya, canza min birkin ga yau. Jibi kasuwar Shinkahi."

Na ce, "To."

Na ɗaga ta da jak, na cire ƙafafun gaba biyu, na jera duwatsu a ƙarƙashinta. A nan, ina tsugune, shawarar ta zo mini. Motar da ba ta da ƙafa ba ta buɗe wa kowa hanya.

Kada a ɗauka ban nemi birkin ba. Na nema, kuma ban taɓa zaɓar wa mota kaya da natsuwa irin wannan ba. Washegari na bi motar Gusau, na je wurin wani mai shagon kayan mota da muka daɗe muna hulɗa. Na faɗa masa irin motar, ya shiga ciki ya fito da kwali uku ya jera mini a kan benci.

Na farko fad ne mai laushi, wanda yawancin direbobinmu ke sawa. Ba ya ƙara, yana kamawa da daɗi in ana tafiya a hankali. Amma da zarar ya yi zafi sai ya saki, ka ji kana taka birki kamar kana taka tuwo. Shi ne a motar ƙanena ranar Talatar nan, kuma ni na sa shi da hannuna 'yan watanni baya, don ya ce ba ya son birki mai surutu. Na ture kwalin gefe da ƙafa, raina a ɓace, ba da mai shago ba. Na biyu kuma wani mai tsabta ne, ba ƙara, ba ya baƙanta rim. Mai shago ya yi ta yabonsa. Na ce wannan na alhazan birni ne da ke tashi daga gida zuwa ofis, su tsaya a danja su gaisa. Sai na ukun, baƙi, mai nauyi, an cuɗa shi da garin ƙarfe har kana ganin ƙyallinsa. Wannan yana cin faifai, yana ɓata rim da baƙar ƙura, kuma in ka taka shi a hankali yana kuka kamar ɓera a tarko. Amma duk yadda ya ƙara zafi haka yake ƙara cizo. Hanyarmu birki ɗaya take buƙata: kana kan gudu da lodi, ka taka sau ɗaya ka tsaya inda za ka iya juyawa. Na ce a ba ni shi.

Faifai kuma wata rigimar ce. Ƙanena ya sha nuna mini a waya wani mai huje-huje, irin na motocin tsere, wai shi yake so. Yana nan a shagon, yana walƙiya. Na ɗauka na juya shi. Kyau dai akwai kyau, amma hujin nan a titinmu yashi da tsakuwa za su cika shi, kuma duk irinsa da na taɓa cirewa daga bakin huji yake fara tsagewa. Wani direba da ke zaune a shagon ya sa baki, wai me zai sa in sayi sabo, in kai tsohon a share shi a inji mana. Na ce, "Malam, an tambaye ka?" Faifan da ya koma shuɗi ya gama aiki, in ka ƙara sirantar da shi ka ƙara masa saurin zafi ne. Na zaɓi wani lafiyayye mai kauri, ba ado ko ɗaya, mai kafar iska a tsakiya. Na ɗaga shi da hannu biyu na ji nauyi, na ƙwanƙwasa shi da ƙarfe na saurari amonsa, na sake ƙwanƙwasawa. Mai shago ya ce ko sirikin da zai ba 'ya ba a yi masa wannan binciken.

Na zuba kwalayen a buhun taki na dawo Ƙaura. Ban bi ta gareji ba. Gida na wuce, na shiga ɗakin hatsi, na tura buhun a bayan buhunan dawar da muka samu a gonar mahaifinmu ta Ɗan Isa, wadda gidana da gidansa duka muke ci. Da ya zo da yamma na ce masa, "Ba a samu irin nata ba. Motar Jamus ce, sai an aiko daga Legas."

Makon farko sau biyu yake zuwa a rana. Da ya ga Legas ba ta da niyyar aikowa sai ya fara nemowa da kansa. Ya kawo fad, na karce shi da farce na ce jabu ne. Ya kawo wani, na ce ai wannan na ƙaramar mota ne. Ya samo faifai na hannu, ɗan Baljiyam, na ɗora masa rula na ƙanƙance ido na ce ya karkace. Allah ya gafarta mini, faifan nan lafiyarsa lau. Ranar da ya fusata ya ce zai kai ta wani gareji, na ce, "Ɗauke ta, ga ta nan." Ya san ba inda za shi. A garin nan ba bakaniken da ke taɓa motar da wani ya buɗe, balle tawa, da rabinsu a hannuna suka koyi riƙon sufana. Ya tsaya yana huci, ya ce, "Yaya, kai dai Allah ya shirye ka," ya tafi.

Ruwa ya yi ta sauka. Ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin motar har ta taɓo salansa, kazar maƙwabta ta samu wurin ƙwai a inda taya take. Ni kuwa na samu barci. Shekara biyu rabona da in kwanta ban yi tunanin titin Shinkafi ba, sai ga ni ina neman ƙarin tuwo, har matata tana tambaya ko maganin gargajiya na sha. A tasha an koma jefa ƙuri'a kan wanda zai fara fita. Na ji labari, ko a jikina. Na san su ma 'ya'yan wasu ne, ƙannen wasu, amma a lokacin ban damu ba, kuma ba zan yi ƙarya yanzu in ce na damu ba.

A mako na uku ya daina zuwa damuna. Na ce alhamdulillahi, ya haƙura. Na ɗauka gona ya koma, don lokacin maimai ne. Har ina yaba wa kaina dabara.

Ranar Juma'ar mako na biyar, bayan an sauko masallaci, ya biyo ta gareji ya zauna a benci. Ya rame, ya yi baƙi, idanunsa jajur. Bai ko kalli motar ba. Muna 'yar hira sai ya ɗaga ƙafar wandonsa zai sosa, na hangi ƙuna a ƙwaurinsa na dama, doguwa, wani wurin ya bushe wani wurin sabo. Ba sai an faɗa wa bakanike ba. Salansar babur ce kaɗai ke ƙona mutum a wannan wurin.

Na ce, "Babur ɗin wa kaka hawa?"

Ya saki wandon. Ya ce na surukinsa ne da ke Shinkafi. Kullum da safe yana bin motar wani zuwa can, ya ɗauki babur ɗin, yana kai kaya da mutane Galadi.

Galadi! Hanyar Galadi daji ce zalla, yashi da kwazazzabai, kuma babur shi ne abin da mutanen dajin suka fi so, su ɗauke shi su haɗa da mai shi. Babur da buhu biyu da mutum a baya, ko jaki ya yi niyya sai ya kamo shi. Na miƙe na fara zazzaga masa masifa. Ba abin da ban kira shi ba. Masu wucewa suka tsaya suna kallo, ban fasa ba. Shi kuwa ya bar ni har numfashina ya ƙare, sannan ya ce, "Yaya, gidana na cin abinci. Kuma mutanen da nika ɗauka ba su bar tahiya ba don motata na bisa duwatsu."

Na koma na zauna. Mako biyar ina barci, ashe ba hanya na raba shi da ita ba, gudun da yake tsira da shi na ƙwace masa. Ban taɓa jin gajiya irin ta wannan yammar ba. Ya yi mini sallama ya tafi.

Asabar da sassafe na ɗauko buhun daga ɗakin hatsi. Na kori kazar, na cire ciyawa, na aika a kira shi. Na goge sababbin faifan da fetur, na wanke mazauninsu har sai da ba sauran tsatsa, na shafa giris a inda ya dace, na zaunar da fad ɗin. Na zubar da tsohon man birkin gaba ɗaya, don shi ma ya tafasa ranar Talatar. Shi yana ciki yana taka mini, ni ina ƙasa ina buɗewa ina rufewa. "Taka. Riƙe. Saki." Ba wata magana tsakaninmu sai wannan.

Da muka gama ina goge hannu, don in rufe kunyata na ce, "Kayan ga jiya da yamma sunka iso daga Legas."

Ya sunkuya ya ɗauki kwalin faifan, ya kifa shi ya karkaɗa. Ƙwayoyin dawa suka zubo a tafin hannunsa. Ya duba su ya ce, "Ikon Allah. Ashe Legas ma suna noman dawa."

Ya ce tun mako uku baya ya gan su, ranar da ya je gidana ɗibar hatsi ya ja buhu.

Na ce, "To mi ya hana ka magana? Ka gani ka yi shiru, ka tahi kana hawan babur cikin daji?"

Ya ce, "Matarka ta hwaɗa ma tawa ka koma cin abinci, kana barci har da minshari. Sai na ce bari a bar Yaya ya huta kwana biyu."

Na juya baya na shiga tattara sufanu, waɗanda tuni suna a tattare.

Sabon birki ba a fita da shi haka nan, sai an zaunar da shi. Muka hau hanyar Ɗan Isa, shi a sitiyari ni a gefe. Na sa ya ɗauki gudu kaɗan ya taka, ya saki kafin ta tsaya, ya sake, har wajen sau goma, don fad ya saba da faifai. Tun a na farko birkin ya tsala kuka, wasu mata da ke tafe da itace suka yi gefe da gudu. Ya ce, "Haba Yaya! Wanga kuka hwa? Ai sai a yi ta yi min dariya a tasha." Na ce su yi. Muka yi ta tafiya a hankali har ya huce, sannan na ce ya buɗe mata wuta. Da allura ta kai inda yake kai ta, na ce, "Taka!" Ya taka. Kaina ya kusa fasa gilashi. Motar ta tsaya cak, a miƙe, ba ta ja gefe ba. Ya daɗe hannunsa a kan sitiyari yana kallon titi, wannan karon bai yi dariya ba. Na fita na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa, na dawo na ce masa ya kai ni gareji. Ranar Alhamis shi ya buɗe hanyar Shinkafi.

Damina biyu ke nan da yin wannan. Yana nan yana fita, ni ma na daina faɗa, ba ni da sauran ƙarfinsa. Na canza masa fad sau uku, kullum irin wancan mai garin ƙarfe. Kullum sai ya roƙe ni in sa masa marar ƙara. Mai shagon Gusau ma ya ce yanzu an kawo wani mai cizo kamar wancan kuma shiru yake. Na ce ban yarda da shi ba, na kawo musu dogon bayani kan zafi da nauyi da lodi, har suka gaji suka ƙyale ni.

Gaskiyar magana ban faɗa wa kowa ba. In zai shigo gari dole ya rage gudu a inda titi ya ƙetare tsohon layin dogo, kuma a nan birkin nan yake kuka. Daga garejina ana ji, ko ina ƙarƙashin mota. Da an yi azahar nake kashe rediyo, in direba ya fara ba inji wuta a rumfata in daka masa tsawa, su ɗauka tsufa ne ya sa ni faɗa. Yawanci kafin la'asar nake jin shi, sai in ci gaba da aikina.

Jiya sai da la'asar ta yi sakaliya sannan na ji shi. Kafin nan, mai motar da nake gyarawa ya durƙusa ya leƙo yana tambaya ko lafiya, wai ya ga na daɗe a kwance da sufana a hannu ban ɗaure komai ba. Na ce ya yi mini shiru.